Yadda Alƙaluman Aikina Suka Koma Abin Tarawa

Assalamu alaikum. Ni Bazazzage ne, a cikin birnin Zariya aka yanke cibiyata, ba nisa da Ƙofar Doka, kuma aikin malanta na yi har Allah ya kai ni ritaya. Abokai da tsofaffin ɗalibaina sun sha tsare ni da tambaya: yaya aka yi mutum da hankalinsa, da iyalinsa, da ɗan fanshon da bai taka kara ya karya ba, ya ɓuge da tara alƙaluman tawada? Wasu da raha suke tambaya, wasu kuwa sai ka ga kamar tausayina suke ji. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faro, kowa ya huta.

Alƙalamin da na fara riƙewa ba na kanti ba ne. Na gamba ne, wanda kowane ɗan makarantar allo ya sani. A yanko busasshen sillen gamba, a feƙe shi da reza, a ɗan tsaga bakin don tawada ta samu hanyar gangarowa. Alaramman da ya koya mana karatu yana da wani tsohon gwangwani cike da su, sun fi ashirin: mai kaurin baki na rubuta wa 'yan babbaƙu, mai siririn baki na takarda, wani na wasali da jar tawada. Ban taɓa jin an ce Alaramma yana tara alƙaluma ba. In ɗaya ya dakushe ya sake feƙe shi, in ya gajarce ya sa a wuta ya ɗauko wani. Na kawo wannan da wuri ne don a kansa duk maganata za ta hau: yawan alƙalami daban, tara alƙalami daban.

Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, akawun En'e ne. Alƙalaminsa ɗaya tal, Parker 45, baƙi mai murfin ƙarfe. Kamfanin ya fito da wannan samfurin ne a 1960, shekarar da muka samu mulkin kai, shi kuma Baba ya sayi nasa bayan 'yan shekaru. Kullum yana maƙale a aljihun gaban kaftaninsa, 'yar kibiyar nan ta murfin tana leƙowa. A zamanin, kibiyar kaɗai ta isa shaida. Ko a taron suna ka hango ta a ƙirjin mutum, ka san ma'aikaci ne, kuma kafin a watse sai wani ya matso ya ce a taimaka a rubuta masa wasiƙa. Da daddare Baba yakan buɗe kwalbar tawadar Quink, ya tsoma bakin alƙalamin, ya matsa robar ciki ta zuƙi tawada, ya goge da wani tsumma da ya riga ya rine ya koma shuɗi. Mu yara sai dai kallo. Rediyonsa ma ana iya taɓawa a ci sa'a, amma ban da alƙalami.

Da na shiga sakandare, malaman Turanci ba sa yarda da biro, wai yana ɓata hannu. Dole kowa ya nemi mai shan tawada. Abin da aljihun iyayenmu ya iya kaiwa shi ne Hero, ƙirar birnin Shanghai, da ake sayarwa a kantunan Sabon Gari. Kore ko ja mai duhu, murfin ƙarfe, bakinsa a lulluɓe sai ɗan tsini kawai ke fitowa. Duk wanda ya yi makaranta a shekarun 1970 ya san tabon nan na aljihun farar riga. Sai da na girma na gane dalilinsa: irin wannan alƙalami mai robar ciki, in tawadarsa ta yi rabi, iskar da ta cike gurbin takan kumbura da zafin jiki da na bazara, sai ta turo tawadar waje. A lokacin mu dai abin da muka sani shi ne faɗan iyaye mata ranar wanki.

Na fara koyarwa a 1981, kuma daga nan alƙaluma suka fara yawa a hannuna ba tare da na lura ba. Aiki ne ya kawo haka. Ɗaya na jar tawada don duba aikin yara, ɗaya na shuɗiya mai duhu don rajista da katin sakamako, ɗaya na baƙa don wasiƙun ofis, saboda ba a son gauraya tawada a ciki ɗaya. Sai na ajiye wani a makaranta, wani a gida. Alhaji ya dawo daga Makka ya san malamin makaranta ne kai, tsarabarka alƙalami. Ɗalibi ya samu aiki ya zo gaisuwa, alƙalami. Kafin ƙarshen shekarun 1990 sun haura goma a cikin aljihun tebur, tare da makullai da tsofaffin rasitai da baturan da suka mutu. Ban san lambar samfurin mafi yawansu ba, ban san shekarar ƙirarsu ba, ban ma taɓa tunanin suna da shekara ba. In ɗaya ya ɓata sai in yi tsaki in ɗauki wani.

A tsakanin nan biro ya riga ya cinye kasuwa. Bic da Eleganza sun cika ko'ina, a farashin da ɗan firamare zai saya da kuɗin tara. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, kwalbar tawada ta fara wuyar gani a ƙananan kantuna, sai ka je kantin littattafai na jami'a a Samaru ko ka yi saƙo Kaduna. Abokan aikina ɗaya bayan ɗaya suka haƙura. Ni abin da ya riƙe ni ba wani son gargajiya ba ne. Alƙalamin tawada ba ya buƙatar dannawa, nauyinsa kawai ya isa, kuma wanda ya taɓa zama da tarin takardun jarrabawa tun daga la'asar har dare ya san abin da biro ke yi wa yatsu.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, aka yi wa komai kuɗi har da alƙalamin, na ce a sa shi a kasona. 'Yan'uwa suka yi murna, don su hankalinsu na kan riguna da keken ɗinki. Na ci gaba da rubutu da shi kamar yadda ya yi. Har nan dai ban zama mai tarawa ba, magaji ne kawai.

Wata rana a kasuwar Sabon Gari, wajen masu tsofaffin kaya, na ga wani faranti da aka zube matattun agoguna da tabarau da 'ya'yan makulli. A cikinsu akwai wani alƙalami toka-toka da na ɗauka Hero ne. Da na ɗaga na ji ya fi shi nauyi, murfin kuma yana shiga da wani irin santsi. A jikin murfin an rubuta Parker 51. Na gwada, ko ɗigo ba ya yi, cikinsa ya bushe ƙamas. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan ai ya mutu, ga mai kyau nan." Na ce shi mataccen nake so. Ya dube ni, ya faɗi kuɗin da ko kwanon tuwo ba zai saya ba, na biya. Wannan ne karo na farko da na ba da kuɗina a kan alƙalamin da ba don rubutu na saye shi ba.

Lokacin an fara buɗe shagunan intanet a Samaru da Kongo. Wani tsohon ɗalibina ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya nuna mani yadda ake bincike. A nan na karanta cewa Parker 51 ya fito kasuwa a 1941, kuma an sa masa lambar ne saboda an kammala ƙirarsa a 1939, shekara ta 51 da kafa kamfanin a 1888. Na kuma gane ashe Hero 616 da muka yi yarinta da shi kwaikwayonsa ne aka yi. Wato shekara da shekaru ina rubutu da kwafi ban san akwai na asali ba. Nawa kuma irin mai robar matsawa ne da aka fara yi a 1948, kuma robar tasa ba irin mai ruɓewa ba ce. Na jiƙa shi a ruwan sanyi, ina canja ruwan har ya daina fitar da launi, na zuƙa masa tawada. Ya kama rubutu kamar jiya aka ajiye shi.

Amma abin da ya ƙarasa ni wani abu ne ƙarami da na ci karo da shi a wannan binciken. Daga 1980 Parker suna buga wani ɗan harafi a gefen bakin murfi, kusa da inda aka rubuta ƙasar da aka ƙera shi, kuma harafin nan shekara yake nunawa. Sun ɗauki haruffa goma na QUALITYPEN suka raba wa shekaru: Q ita ce 1980, U 1981, A 1982, L 1983, haka har N ta 1989, sannan a sake zagayowa. Na dawo gida na juye aljihun tebur a kan tabarma, na ɗauko tabarau da tocila. Cikin waɗanda na yi shekaru ina wurgi da su, ga Q a jikin wani Parker 25, mai jikin ƙarfen nan da ake ƙerawa a Newhaven ta Ingila tun 1975. Ga A, ga L, ga T. Na jera su bi da bi. Sai idona ya tsaya a kan gurbin da ke tsakanin Q da A.

Babu U.

Kafin wannan daren ba na rashin komai. Ina da abin rubutu fiye da buƙatata. Amma daga ganin wannan gurbi sai na wayi gari ina da rashi, rashin abin da jiya ban ma san akwai shi ba. Na gaya wa kaina cewa ai 1981 ce shekarar da na fara aiki, ya kamata in samu nata. Hujja ce mai daɗin ji, amma na san ko da a wata shekarar na fara aiki, da sai na nemo wata hujjar. A wurina nan ne iyakar take. Mai alƙaluma da yawa abin da ke hannunsa yake gani. Mai tarawa abin da babu yake gani. Duk wanda ya zauna da masu kiwon tattabaru na cikin birni ya san bambancin: wani yana da garke guda don nama da ƙwai, bai damu da launinsu ba, wani kuwa 'yan ƙwarori ne a akurkinsa amma zai taka har Tudun Wada da rana tsaka saboda ya ji labarin an kawo irin da ba shi da ita.

Abin da ya biyo baya sai ya zo da sauri. Na sayi babban littafi irin na rajista na ja masa layuka: suna, samfuri, ƙasa, shekara, inda na same shi, hannun wa ya fito, abin da ke damunsa. Na kai wa wani kafinta a Tudun Wada zane ya yi mani akwati mai faranti-faranti, kowane faranti da kwarmin da alƙalami zai kwanta, muka shimfiɗa karan-miski. Ranar da aka kawo akwatin, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina jera su. Ta ce, "Malam, wai hannu nawa gare ka ne?" Na ce biyu. Ta ce, "Kuma da ɗaya kake rubutu." Ta juya ta koma madafa. Har yau ban samu amsar da zan ba ta ba, sai dai mun yi yarjejeniya tun a ranar: kuɗin cefane da na makarantar yara ba sa shiga akwati. Abin da na samu a duba takardun jarrabawar ƙarshen sakandare da darasin yamma, wannan nawa ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Da farko komai na gani saye nake yi. Sai na lura hanyar ba mai ɓullewa ba ce. Masu tarawa na Turai da Amurka da Japan suna maganar Montblanc 149 da alƙaluman Pilot masu zanen hannu, waɗanda kuɗin ɗaya ya fi fanshona na watanni. In na bi su zan ƙare da akwatin da ya fi kowane akwati talauci a cikin irinsa. Sai na yi wa kaina iyaka: ba na neman alƙalami sai wanda ya yi aiki a ƙasar nan tamu, a hannun mutanenmu, daga bayan yaƙin duniya na biyu zuwa ƙarshen shekarun 1980. Sabo fil a kwali, komai kyansa, ba nawa ba ne.

Kuma in don wannan ne, babu garin da ya fi Zariya. Ga kamfanin Gaskiya tun 1945, inda aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Ga Kwalejin Barewa da ta tare a nan a 1949, ga Kwalejin Alhudahuda. Ga makarantar horar da akawuna ta Kongo wadda ta girma ta zama cibiyar koyar da aikin mulki da shari'a, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga ma'aikatan reluwe a Sabon Gari, ga asibitin Wusasa, ga kotunan alƙalai da ofisoshin En'e a cikin birni. Duk waɗannan mutane ne da abincinsu ke bakin alƙalami. Da wuya ka shiga tsohon gidan ma'aikaci a garin nan ka buɗe adakar mamaci ba ka tarar da ɗaya ba, a naɗe cikin hankici tare da takardar ɗaukar aiki da katin asibiti.

Nan ne kuma wuyar abin take. Ba a shiga gidan makoki da zancen alƙalami. Sai an yi arba'in, an share hawaye, sannan ka bi ta hannun wani ɗan gidan da kuka saba. Sau da yawa sai su ce, "Haba Malam, ɗauka kawai, me za mu yi da shi?" Ba na karɓa haka nan in dai ba a raba gado ba, balle in akwai marayu ƙanana a ciki. Ko allura ce haƙƙin magada ce. Sai in faɗa masu gaskiyar abin da ya kai, in biya a gaban shaidu, a zuba a cikin dukiyar. Wannan ya sa wasu suka fara zaton akwai wata dukiya a ɓoye a cikin abin, suka riƙa tsuga kuɗin da ba shi da kai. In ya kai haka sai in yi godiya in tashi.

Akwai wata dattijuwa a wajen Ƙofar Kuyambana da na je wa ta hannun jikanta. Mijinta tsohon hedimasta ne, ya bar Sheaffer irin wanda ya fito a 1952, mai ɗan bututu da ke zurowa daga ƙarƙashin baki ya sha tawada ba tare da an tsoma bakin ba. Na daɗe ina son irinsa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Ɗan nan, da shi ya rubuto mani wasiƙa daga Ikko lokacin da ya je kwas, ni kuma ban iya karatun boko ba, sai ƙanena ya karanta mani. Ba na sayarwa ba ne." Na ce, "Gwaggo, to ki ba ni in gyara maki shi." Gyaransa ya ba ni wuya ƙwarai, don cikinsa ya fi na kowane alƙalami sarƙaƙiya, sai da na jira wani ɗalibina da ke karatu a Ingila ya aiko mani da robobinsa. Na mayar mata yana rubutu. A littafina yana da layinsa kamar sauran, sai dai a gurbin inda yake na rubuta: yana gidansu.

Wanda na fi ji da shi duk cikin akwatin, in masu tarawa na waje suka gani ba za su ba shi ko kallo na biyu ba. Osmiroid ne, alƙalamin 'yan makarantar Ingila mai araha, kuma a ƙa'idarsu ma an lalata shi. Daga gidan wani magatakardan kotun alƙali ya fito. Mutumin da ajami da Larabci yake rubutu, daga dama zuwa hagu, bakin Turawa kuma bai ba shi kaurin da yake so a jikin harafi ba. Sai ya ɗauki bakin ya goga a dutsen wasa aska har ya karkace, daidai yankan da ake yi wa alƙalamin gamba. In ka ja ba'un da shi sai ka ga cikinta ya cika, wutsiyarta ta sirance, kamar rubutun allo. In ka gwada boko kuwa sai ya riƙa kartar takarda. Babu kamfanin da ya ƙera wannan bakin, a Zazzau aka yi shi. Kusa da shi akwai wani Platignum na wani mai duba kurakuran ɗab'i, wanda da na jiƙa shi jar tawada ta yi ta fita kamar ba za ta ƙare ba, da Pelikan 400 mai koren ratsi, ƙirar Jamus da ta fara fitowa a 1950, wanda wani malamin aikin gona na Samaru ya bari.

Gyara kuwa dole ta koya mani. Wani mai gyaran agogo a Sabon Gari ne ya ara mani ƙananan kayan aikinsa ya nuna mani yadda ake kwance abu ba a fasa ba. Yanayinmu ba ya raga wa tsohon alƙalami. Zafin bazara yana mayar da robar ciki ta ƙandare, in ka taɓa ta ruguje. Hunturu kuma in ka bar murfi a buɗe kana tunanin jimla ta gaba, kafin ka gama tunani bakin ya bushe, ga ƙura tana bin tsagar. Ruwan zafi yana lanƙwasa tsohon jiki, don haka sai na sanyi da haƙuri. Babban mai kashe su a gidajenmu shi ne yaro ya samu na kakansa ya ɗura masa tawadar allo. Ƙaron da ke cikinta da garin gawayin sukan daskare a 'yan hanyoyin da tawada ke bi, waɗanda ba su fi kaurin gashi ba. Na sha karɓar irin waɗannan.

A nan ne ma na gano wani abu da ya ba ni sha'awa. Tsohuwar tawadar rajista, mai fitowa shuɗiya ta koma baƙa bayan kwanaki, ruwa kuma ba ya wanke ta, da sinadarin ƙarfe da ɗacin itace ake haɗa ta, iska ce ke ƙara mata duhu. To ai yambarin malamanmu ke nan, na bagaruwa da kashin maƙera, wanda ya sa littattafan da aka kwafa da hannu tun zamanin kakanni har yau suke karantuwa. Hikimar ɗaya ce, sai dai shi yambari yana da gari-gari da ƙaro, bai dace da cikin alƙalamin kanti ba.

Sai maganar zinariya, wadda wani aminina ya tayar mani a masallaci. Da yawa daga cikin tsofaffin nan bakinsu zinariya ce, za ka ga an buga 14K ko 585. Shi ya sa ma ake yawan samun su babu baki, an cire an kai wa maƙeran zinariya, alhali abin bai kai giram ɗaya ba. Tsinin da ke taɓa takarda ma ba zinariya ba ce, wani ɗan ƙarfe ne mai tauri da ake liƙawa don kada ya cinye. Na kai tambayar gaban wani malamin fiƙihu a cikin birni. Ya ce akwai masu hanawa ga namiji, akwai masu sassautawa saboda ƙanƙantar abin, amma barin abin da zuciya ke kokwanto a kansa ya fi. Tun daga nan wanda nake sawa a aljihu in fita da shi mai bakin ƙarfe ne.

Akwai abin da tarawa ta rage mani, kuma duk mai shirin shiga ya kamata ya sani. Lokacin da nake da goma a aljihun tebur na fi rubutu. Yanzu da suka ninka haka sau da yawa, mafi yawansu a wanke suke, a bushe, don ba a barin tawada ta kwana watanni a cikin tsohon alƙalami. Lokacin da da nake rubuta wasiƙa, yanzu a wanki da shafawa da cike littafi yake tafiya. Ina da aboki, tsohon ma'aikacin kotu, alƙalumansa biyu ne kacal kuma kullum sai ya cika shafi. In ana maganar masoyin alƙalami, ya fi ni. Ina kuma da wani ɗan'uwa ɗan kasuwa da kamfanoni suka cika wa ofis da alƙaluman kyauta masu tsada, sun fi nawa yawa, amma ko sunan ɗaya bai sani ba. Shi ma ba mai tarawa ba ne, ajiya ce kawai ta same shi.

Yarana maza ba ruwansu, komai a waya suke rubutawa. Autata ce, wadda ke karatun lauya a Kongo, take zama kusa da ni in na buɗe akwati. Ita ta ce, "Baba, in ba ka rubuta labarin kowanne ba, ranar da babu kai tarkace za a ce." Shi ya sa yanzu kowane layi a littafin na ƙara masa shafi: wane irin aiki mai shi ya yi, a wace unguwa, me iyalinsa suka gaya mani. Na kuma rubuta kimar kowanne da gaskiya, don in lokaci ya yi a raba su bisa shari'a ba tare da an cuci kowa ba, ko a sayar wa ɗan gwangwan da kilo.

U ɗin nan na same ta tuni, a jikin wani Parker 45 da ya fito daga gidan wani ma'aikacin reluwe. I da P da E da N ma duk sun shigo. Saura Y, ta 1986. Na ga masu Y da dama, amma na 1996 ne, ana gane su da 'yar alamar da ke gefen harafin. Zatona shi ne a shekarar da naira ta fara faɗuwa mutanenmu kaɗan ne suka iya sayen sabon Parker. Don haka duk wanda ke da tsohon alƙalami a adakar gidansu, a birni ne ko Tudun Wada ko Samaru, kafin ya ba yara wasa ya ɗan duba gefen bakin murfin da tocila. In kuma ba na sayarwa ba ne, a kawo in wanke shi in rubuta labarinsa, a mayar gida.